Yadda Za Ka Lalata Injin Juya Eriya Don Matarka Ta Dawo Saman Bene

Kai da ka kai shekarun da bakinka ba ya iya ce wa matarka "na yi kewarki" alhali bango ɗaya ne tsakaninku, matso kusa, wannan jagora naka ne. An ba ka tabbacin nasara ɗari bisa ɗari. In ka bi matakan nan yadda aka jera su, injinka zai mutu, girmanka zai tsira, matarka kuma za ta hau saman bene da ƙafarta ba tare da ka roƙe ta ba. An gwada hanyar a kan mutum guda, wani tsohon malamin labarin ƙasa da ɗalibansa suka laƙaba wa Malam Taswira, kuma har yau yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ka fara da kayan da ba wanda zai yi maka hassada a kansu

Akwai mutane a duniya da suka zauna jarrabawa, suka karɓi lasisi, don kawai su riƙa gaisawa ta rediyo da baƙin da ba su taɓa gani ba. A cikinsu akwai waɗanda ciwon ya fi kamawa. Su ba sa yarda muryarsu ta bi ƙasa, sai ta hau sama ta sami wani ɗan tauraron ɗan'adam da ke wucewa, shi kuma ya sauke ta a wata ƙasa mai nisa. Tauraron nan ba ya jiran kowa. Yana ɓullowa ta wannan gefen sama, ya ratsa, ya faɗa ta wancan gefen kafin kofin shayi ya huce. In ka same shi, ka samu. In ka tsaya neman tabarau, sai wani jiƙon.

Ciwon ya kama Malam Taswira ne bayan ya yi ritaya. Kayansa ba su cika jakar hannu ba: 'yar rediyon hannu ta oba-oba guda, kamfas ɗin da ya yi shekaru yana koyarwa da shi, da wata eriya da ya haɗa da kansa daga bututun roba da yankakken tef ɗin awo na ƙarfe. Haka ya kamata kai ma ka fara. Amma ka sani aikin yana bukatar hannu huɗu: na riƙe eriya a bi tauraro, na riƙe oba-oba, na murɗa maɓalli, domin muryar takan zame yayin da tauraron ke matsowa da kuma lokacin da yake tafiya, sai kuma na riƙe wayar da ke nuna ta inda zai fito. Malam ya ƙirga nasa, ya ga biyu ne.

Ranar farko ya hau saman bene shi kaɗai. Yana juyawa da eriya sai ta sarƙe igiyar shanya, ta kwaso zanin gado ta lulluɓe masa kai. A haka matarsa ta same shi. Duk gidan Umma ake ce mata, har shi kansa Malam ya bi yara.

"Malam," in ji ta, "ko dai ka bar mini shanyata, ko ka ba ni wannan tsanin kajin in riƙe maka."

Ya miƙa mata. Ran nan ba su sami kowa ba. Kwana kaɗan bayan haka, cikin shuuu ɗin rediyo, wata murya ta ɓullo ta maimaita lambar kiransa ta rediyo sarai. Malam ya daskare, ya manta abin da ake cewa. Umma ce ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Ka amsa mana, bawan Allah yana jira!"

Daga nan abin ya zama nasu su biyu. Sukan hau tun kafin lokaci, don Malam mutum ne mai tsoron makara, ita kuma ta hau da shayi. Kuma ga wani abu da masana rediyo ba su taɓa rubutawa ba: mutum biyu da suka ɗaga kai suna kallon sama, ba sa kallon juna, maganar da ta gagara a falo sai ta fito da kanta. A saman benen nan Umma ta gaya masa cewa tun rasuwar yayarta ba ta son jin ƙarar waya da sassafe. A nan shi ma ya gaya mata cewa ranar da ya bar makaranta, sai da ya zauna a mota ya daɗe bai iya tayar da ita ba. A falo, talabijin ce ke magana a madadinsu.

Mataki na 2: Ka haifi ɗa mai zuciyar kirki

Wannan mataki ya kamata a ce ka yi shi tun shekaru talatin da wani abu da suka wuce. In ba ka yi ba, nemi aron na ɗan'uwa.

Babban ɗan Malam, wanda kowa ke kira Injiniya, yana aiki a wani gari mai nisan tafiyar yini. Ya zo gaishe su, ya hau sama ya tarar da mahaifiyarsa tsaye da hannu a ɗage kamar mai ba motoci hannu, mahaifinsa kuma yana ta kiran lambobi cikin oba-oba. Bayan 'yan makonni sai ga kwalaye sun fara isowa, shi ma ya biyo bayansu da akwatin kayan aiki.

Ya kafa dogon ƙarfe a saman bene, ya ɗora masa eriya biyu masu haƙarƙari kamar ƙashin babban kifi. Ƙarƙashinsu ya ɗaura injin da ke juya su hagu da dama, sama da ƙasa. Ya jawo wayoyi ta tagar ɗakin ajiya da ke ƙasa, ya kwashe tsoffin akwatuna, ya sa tebur. A kan teburin ya ajiye wata rediyo mai maɓallai fiye da haƙoran Malam, da kwamfuta wadda ta san inda kowane tauraro yake, ita ke ba injin umarni, ita ke bin murya in ta zame. Ya ƙara da abin sawa a kunne mai laushi kamar matashi.

"Baba, yanzu ba sai kowa ya hau sama ba," in ji shi yana goge hannu. "Ku zauna kawai ku danna nan. Umma, kun huta."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Umma.

Malam ma ya sa albarka, kuma har zuciyarsa ya sa.

Mataki na 3: Ka ji daɗinsa tukuna

Kada ka yi gaggawar ƙin injin. Wanda ya ƙi kyauta ranar da aka ba shi, butulu ake ce masa. Wanda ya jira wata biyu, mai nazari.

Gaskiya kuma kayan sun yi aiki. Muryoyin da Malam ke tsintowa da ƙyar a oba-oba yanzu suna shigowa kamar mai maganar yana bayan labule. Taurarin da tsohuwar eriya ba ta ko san da su ba, sai ga shi yana shiga cikinsu yana fita. Ba rana, ba iska, ba igiyar shanya. Ya fara rufe ƙofa saboda ƙarar kwanuka daga kicin. Ya saba da abin kunne har yakan manta ya fito da shi wuya. A taron masu sha'awar rediyo ya zama mutumin da ake tambaya, shi kuma yakan gyara zama kafin ya amsa.

Umma takan ajiye shayi a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, ta koma.

Wata rana da hantsi ya sami wani dattijo daga can inda bai taɓa kaiwa ba, wurin da ya yi shekaru yana nuna wa ɗalibai da sanda a jikin taswira. Dattijon ya yi dariya, ya ce masa ana ruwa a wurinsu. Malam ya zare abin kunne ya juya hagu da sauri.

"Kin ji? Wai ruwa ake…"

Tsohuwar fanka ce a hagunsa, an rufe ta da leda. Sama da kansa injin ya yi ƙuuu, ya mayar da eriya mazauninta, ya yi shiru. Inji ne mai biyayya. Ba ya zungurin mutum, ba ya gardama, ba shi da yayar da ta rasu.

A nan ne mai ƙaramin tunani zai tashi ya je ɗakin matarsa ya ce, "Zo ki zauna kusa da ni." Kada ka kuskura. Namijin da ya yi shekara arba'in yana cewa "ina hulata" a madadin "na gode", ba ya fara sabon yare da tsufa. Malam ya tsaya a bakin kicin, ya buɗe baki, Umma ta ɗago kai, sai ya tambaye ta ko an kawo wuta. Fitila na ci a saman kansa.

Mataki na 4: Ka fara da ɗan ƙaramin ciwo

Leƙa bayan tebur. Za ka ga wata baƙar waya da ta haɗa kwamfuta da akwatin da ke ba injin umarni. Ja ta kaɗan, yadda za ta saki amma ba ta faɗi ba. Sannan ka fito cin abinci ka yi ajiyar zuciya mai ƙarfi. In ba a tanka ba, ƙara wata.

"Lafiya, Malam?"

"Injin nan ne ya tsaya. Kayan zamani ke nan. Ga wani tauraro mai kyau zai wuce da yamma, sai dai a haƙura. Ko da yake tsohuwar eriyar tana nan."

Ya faɗi jimlar ƙarshe yana kallon cokali. Umma ta ɗauki waya ta kira ɗanta ta bidiyo.

"Baba, ku juya wayar in ga bayan tebur. Ƙasa kaɗan. A'a, wannan ƙafarku ce. Yauwa. Kun ga baƙar wayar can? Ku tura ta ciki."

Malam ya tura. Ƙuuu, in ji injin daga sama.

"Kun gani? Ba komai ba ne. In ya sake ku kira ni ko ina ofis."

"Madalla," in ji Malam, da muryar wanda likita ya ce masa zai ci gaba da shan maganin nan mai ɗaci.

Mataki na 5: Ka zare fis, amma ka san inda za ka ɓoye shi

A bayan akwatin akwai ɗan murfi. Buɗe shi da farce, za ka ga fis, ɗan gilashi da bai kai ƙaramin yatsa ba. Zare shi. Ta bidiyo ba a ganin abin da babu.

Wannan karon Injiniya ya sha wahala. Ya sa an kashe, an kunna, an cire, an mayar, daga ƙarshe ya ce zai yi tunani ya kira. Malam ya kwana biyu yana yawo a gida da fuskar maraya, yana goge tsohuwar eriya da tsumma a tsakiyar falo inda dole a gan shi.

Kuskurensa ɗaya: a aljihun riga ya sa fis ɗin, kuma ba shi ke wanki ba. Rana ta uku shayi ya iso bakin ƙofa kamar kullum. A kan faranti, kusa da kofin, ga ɗan gilashin nan an wanke shi tas. Umma ba ta koma ba wannan karon, tana tsaye.

"Na tsinci wannan a aljihunka. Na rigar ne, ko na injin?"

"Au! Ashe nan ya shiga."

"Ashe."

Ta juya ta tafi. Malam ya mayar da fis da hannunsa. Ka lura da kyau: mace in ta ce "ashe" ta tafi, ba ta gama magana ba, ajiye ta ta yi.

Mataki na 6: Ka nemi tausayi, amma ka yi hattara da wanda zai kawo shi

Tunda injin ya ƙi mutuwa, ɓata masa suna. Malam ya sanar a gida cewa injin ya fara kuskuren arewa, kuma shi da ya koyar da arewa shekara da shekaru ba zai zauna ƙarfe ya yi masa ƙarya ba. Ya ɗauki oba-oba da tsohuwar eriya ya hau sama shi kaɗai. Ya zaɓi daidai inda ake hango shi daga tagar kicin. Ya saƙale waya a haɓa, ya riƙe kamfas da haƙori, ya yar da oba-oba sau biyu, na biyun da gangan.

Tausayi ya zo, amma daga gidan da ke kusa. Maƙwabcinsa, tsohon direban babbar mota wanda unguwa ke kira Direba, ya hango shi daga barandarsa.

"Haba maƙwabci! Ina raye kana wannan wahala? Ga ni nan zuwa!"

Kafin Malam ya tofar da kamfas ya ce a'a, har an ji takunsa a matakala. Direba ya kama eriya da hannu biyu kamar sitiyari. Duk abin da ya gifta a sama sai ya bi shi: jirgi, shirwa, leda. Bakinsa kuma bai huta ba, daga labarin giyar motar da ta ƙwace masa a kan gangara sai na yaran zamani da ba su san kuloci ba.

"Wai maƙwabci, tauraron nan kai ka taɓa ganinsa da idonka?"

"Da rana ba a ganinsa."

"To wa ya ce maka yana nan?"

Washegari ya dawo. Jibi ma haka. Umma ta fara ajiye shayi kofi biyu a kan matakala ta ƙarshe, ta tafa hannu a ɗauka, ba ta ko leƙo ba. Malam ya rantse ya ji dariyarta tana sauka.

In ka faɗa wannan rami, yi amfani da makamin sana'arka. Malam ya zaunar da Direba a kan bulo, ya ɗauko gawayi, ya fara yi masa bayanin layukan da aka raba duniya da su, na tsaye da na kwance, daga farko, da tambayoyi a ƙarshen kowane kashi. Bai kai rabi ba Direba ya tuna ana nemansa a gida. Tun daga ranar, in ya hango Malam a sama, sai ya ɗaga hannu daga nesa ya ja labule.

Mataki na 7: Ka yi mai gaba ɗaya

Nan ne ake bambance mai niyya da mai wasa. Wata safiya Umma ta fita dubiya. Malam ya jingina tsani da dogon ƙarfen, ya hau, ya cusa tsohon tsumma a tsakanin inda injin ke juyawa, ya danna shi da sukurudireba har ya ɓace. Ya sauko, ya zauna gaban kwamfuta, ya zaɓi tauraro, ya danna.

Injin ya yi ƙuuu. Ya sake yin ƙuuu, wannan karon kamar yana roƙo. Sai wani ɗan ƙas, sai shiru. Da Malam ya hau dubawa, ƙaurin ƙonanniyar waya ya tare shi tun daga matakala.

Ya yi nasara. Ya tsaya a gindin ƙarfen yana kallon eriya biyu sun karkace suna duban ƙasa, sai ya tuna yadda yaron ya yini a nan cikin rana yana ɗaure notuna, yana cewa, "Baba, ku koma inuwa." Daɗin da ya zata zai ji bai zo ba.

Da yamma Umma ta kira ɗanta, ta sa wayar a kan tebur kowa na ji. Injiniya ya saurari bayanin ƙaurin har ƙarshe.

"Laifina ne, Baba. Ni ne ban daidaita shi da kyau ba, na yi sauri ranar. Ku yi haƙuri. Zan nemi izini a wurin aiki in taho jibi."

"Ai ba sai ka…"

"A'a, zan zo. Matata ma ta ce in je, ƙanwarta za ta kwana da ita."

Matar Injiniya na da tsohon ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Malam ya san haka. Ya dubi farcensa, inda har yanzu akwai baƙin man inji. Umma ma farcen take kallo. Ta jawo wayar gabanta.

"Kada ka zo ko'ina. Ka zauna da matarka. Injin ba shi da laifi, kai ma ba ka da shi. Zan kira ka."

Ta kashe.

"Akwai tauraro mai wucewa gobe da safe?" ta tambayi Malam.

"Akwai."

"To ka ɗauko tsohuwar eriyarka."

Mataki na 8: Ka karɓi nasararka, ko a wace siffa ta zo

Da safe ta riga shi hawa. Ya same ta zaune a kan kujerar roba da ta hau da ita. Ya miƙa mata eriya, zuciyarsa na tsalle kamar ta yaro. Ba ta karɓa ba. Oba-oba ta zare daga ɗaya hannun nasa.

"Yau kai za ka riƙe."

"Ai ke kika fi…"

"Kafaɗata ba ta ɗaguwa, Malam. Tun bara. In na sauko daga nan, sai na gasa ta da ruwan zafi kafin in iya ɗaura ɗankwali. Ni na kira yaron nan na ce ya nemo abin da zai riƙe maka."

Malam ya tsaya da eriya a hannu.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai me ya sa ba ka gaya mini ba, sai da ka cusa wa injin yaro tsumma? Tsumman goge tagata ne ma, ina ta nema."

Malam ya duba kamfas.

"Kana jin daɗin abin," in ji ta, muryarta ta sauko. "Ban so in zama ni na tsayar maka da shi ba. Na ce a sayo abin da zai ɗaga hannu a madadina. Ban ce a sayo ƙofa ba. Ranar farko na zo da kujera har bakin ɗakin, na tarar ka rufe, ka toshe kunne. Sai na mayar da kujerata."

Wayar da ke cinyarta ta yi ƙara, alamar tauraro ya fito. Malam ya ɗaga eriya wajen tankin ruwa.

"Sama kaɗan," in ji Umma, kunnenta a kan oba-oba, yatsanta a kan maɓalli. "Hagu. Hagunka, Malam, ba nawa ba. Murɗa hannu. Tsaya nan!"

Shuuu ɗin ya yi sirara, muryoyi suka fara fitowa. Ta miƙe ta kai oba-oba bakinsa ta danna masa. Ya faɗi lambarsa yana haki. Eriyar da ya haɗa da hannunsa, wadda kullum yake cewa ba ta fi nauyin tsintsiya ba, ta fara zama bulo. Kafin tauraron ya kai tsakiyar sama, kafaɗarsa ta ɗauki wuta. Ya tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun. Wani ya amsa, ya kamo rabin lambar Malam, ya ce a maimaita.

"Ɗaga, yana jiranka!"

Ya ɗaga, hannun ya gaza, bakin eriya ya sunkuya ya nuna rufin Direba. Muryar ta nutse cikin shuuu, ba ta dawo ba.

Malam ya ajiye eriya a ƙasa a hankali. Ya kama kafaɗarsa yana murzawa.

"Haka kike ji?"

"Wannan ai na rana ɗaya ne."

Ya dube ta sosai, ba sama ba, ita. Ita ce ta kawar da kai, ta shiga gyara bakin mayafi.

"Za ka kira yaron nan ka gaya masa da bakinka," in ji ta. "In an gyara, a cire abin kunnen nan a sa lasifika, kowa ya ji."

"Ɗakin ba iska."

"To a jawo waya a hau da tebur nan. Inji ya yi aikin kafaɗa, mu mu yi namu."

"Gobe kuma za mu je a duba kafaɗarki," in ji shi.

"Mu je."

Ya duba wayar. "Wani ba zai wuce ba sai can da yamma."

"Na sani," in ji Umma. Ta tura masa bokitin shanya da ƙafa, ya kifa shi ya zauna.

Mataki na 9: Ka kira ɗanka

Yi shi a tsaye, da sauri, kamar cire filasta.

"Tsumma ne ya shiga cikin injin," in ji Malam.

"Tsumma, Baba? Ya hau tsani da kansa?"

"An taimaka masa."

Sai Malam ya ji ɗansa yana ƙoƙarin danne dariya, ta ƙi dannuwa, daga bayansa kuma matarsa na tambaya mene ne.

"Baba, da kun ce kawai a sa kujera biyu."

"Kai dai ka turo sunan abin da ya ƙone," in ji Malam. "Kuma ka gaishe da mai jiki."

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk injin da ya ƙone, ko tsanin da ya zame, ko kafaɗar da ta kwana tana zogi. Ba ruwansa in maƙwabcinka ya fi na Malam juriya ya zauna har ƙarshen darasi ya nemi ƙari. Ba ruwansa in labarin ya zaga dangi, surukarka ta riƙa rufe baki da mayafi duk lokacin da aka ambaci tsumma. In ka gano cewa matarka ta san komai tun ranar baƙar waya, kada ka kawo ƙara nan, kowa ya sani ban da kai. Alkawarin da aka yi maka shi ne za ta hau saman bene, kuma za ta hau. Abin da za ka ce mata bayan ta zauna, wannan babu shi a cikin matakan nan, sai ka nemo da kanka.